Manhajar gyaran hoto ta goge billen Mma, ina so in ɗinke hoton da hannuna

Rabi Tela, Nima:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na san a zauren nan akwai masu ɗaukar hoto da masu zane, shi ya sa na kawo damuwata nan.

Hoto ɗaya tak muke da shi na mahaifiyarmu tana da ƙuruciya. An ɗauke shi a wani situdiyo a nan Nima, unguwarmu a birnin Akra, ranar ƙaramar Sallah ta 1978, baƙi da fari, tana zaune ta ɗora hannu a kan wani ɗan teburi mai fulawar roba. Ruwan nan na 3 ga Yuni 2015 da ya yi ɓarna a Circle, a tsakiyar Akra, mu ma ya shigo mana ɗaki har gwiwa, hoton kuma yana cikin firam ɗinsa a ƙasan akwati. Da muka ciro shi, ruwa ya cinye ɓangaren hagu. Kafaɗarta da rabin ɗankwalinta sun narke, takardar kuma ta manne da gilashin. Fuskar ta tsira, sai dai ta dusashe.

Mma ta rasu bara. Makon jiya ɗan yayana ya ɗauki hoton da waya, ya sa a wata manhaja, cikin minti ɗaya ya turo mana a zauren gida. Jikoki sai murna suke, ni kuwa kuka na yi. Mma tana da bille a kumatun dama, babu shi. Tana da wushirya, an toshe ta. Fatar ta yi sumul kamar ta 'yar tsana, har idanun ba nata ba ne. Wata kyakkyawar mata ce dai da ban taɓa gani ba, sanye da kayan uwata.

Ni tela ce, surfani ne sana'ata. Ina tunanin a buga mini hoton a kan yadi yadda yake da raunukansa, ni kuma in cike wurin da ruwa ya ci da zare da allura. Shin yana yiwuwa? Kuma in na yi, ban zama kamar manhajar ba?

Hajiya Asabe, Aboabo:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Mma, ya sa ta huta. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Sadiƙ Mai Zane, Mamobi:
Allah ya gafarta mata, Anti Rabi. Bari in faɗa miki abin da ya faru. Irin waɗannan manhajoji, su Remini da 'yan'uwansu, ba dawo da abin da ya ɓace suke yi ba. An koya musu fuskoki masu ɗimbin yawa, to in suka tarar da wuri ya dusashe sai su yi hasashe, su cike shi da abin da suka saba gani. Bille siririn layi ne a kumatu, a wurin manhajar daidai yake da ƙarzanen da ƙusa ta yi wa takarda, sai ta share shi. Wushirya kuma ta ɗauka baƙin tabo ne.

Amma kada a yi wa duk aikin kwamfuta kuɗin goro. Da ni aka kawo wa, a Photoshop zan buɗe shi, in ajiye na asali a ƙasa ban taɓa shi ba, in yi gyara a shimfiɗa ta sama. Fuskar haske da duhunta kawai zan ɗaga har billen ya fito sosai. Aikin yini guda ne ko biyu.

Abu mafi muhimmanci yanzu: kada kowa ya yi ƙoƙarin ɓanɓare takardar daga gilashin. Fatar hoton za ta bi gilashi, shi ke nan an rasa shi gaba ɗaya. A sa shi a sikana da gilashinsa, a ɗauka a kan 600 dpi ko fiye, wato ɗigo 600 a kowane inci. In gilashin ya sa bai fito tas ba, a ɗauka da kyamara a bakin taga, hasken yana zuwa daga gefe. Kuma in za a turo ta WhatsApp a turo shi a matsayin fayil, don in aka turo a matsayin hoto matse shi ake yi.

Rabi Tela, Nima:
Na gode ƙanena. Wallahi har na yi niyyar jiƙa shi da ruwan ɗumi in ɓanɓare. Allah ya sa na tambaya.

Zainab, Asawase:
Yaya Rabi, abin da kike tunani yana yiwuwa, kuma akwai waɗanda suka yi suna a duniya da shi. Akwai wata mai ɗaukar hoto 'yar Kodebuwa, Joana Choumali. Bayan harin da aka kai bakin teku a Grand-Bassam a watan Maris 2016, ta zaga garin tana ɗaukar mutane da wayarta, ta buga hotunan a kan kyalle, ta zauna tana yi musu surfani da zare kala-kala. Da wannan aikin ta ci kyautar Prix Pictet a 2019, ita ce 'yar Afirka ta farko da ta ci. A nan gida kuma akwai Zohra Opoku da ke zaune a Akra, tana buga hotunan danginta a kan tsofaffin yadudduka tana harhaɗa su da ɗinki. Lokacin da nake karatun zane a jami'ar KNUST da ke Kumasi mun sha duba ayyukansu. Mu sai da muka koyi riƙe allura, ke kuwa kin riga kin iya abin da ya fi wuya.

Sadiƙ Mai Zane, Mamobi:
Zainab, ina da ja a nan. Anti Rabi ta san launin ɗankwalin? Hoton baƙi da fari ne, rabinsa kuma ya tafi. Duk zaren da za ta sa, hasashe ne. Manhaja ta yi hasashe mun ce ta yi ƙarya, Anti za ta yi hasashe mun ce fasaha. Ina bambancin?

Zainab, Asawase:
Bambancin a ido yake, Sadiƙ. Jikar Mma da za a haifa nan da shekara ashirin, in ta kalli hoton manhajar za ta ɗauka haka kakarta take, babu abin da zai nuna mata an taɓa shi. In ta kalli na zaren kuwa, da kallo ɗaya ta san nan kyamara ce ta gani, nan kuma hannun mutum ne. Har ta shafa ta ji tudun zaren. Za ta tambaya me ya faru da wannan gefen, sai a ba ta labarin ruwan, a ba ta labarin Yaya Rabi.

Sadiƙ Mai Zane, Mamobi:
To in haka ne aikina ma ƙarya ne, tunda gwanintata ita ce kada a gane na taɓa.

Baba Mai Hoto, Sabon Zango:
Yarana, ku bar ni in sa baki. Jikata ce ke rubuta mini, idona ba ya ganin ƙananan rubutu yanzu.

Na shekara talatin da wani abu a ɗaki mai duhu. Na fara da akwatin nan na katako mai ƙafa uku da ake ɗaukar hoton fasfo a bakin titi, mutum ya tsaya ya jira ya karɓa, daga baya na samu situdiyo. Ina shaida muku babu hoton da ya fita daga hannunmu ba a taɓa shi ba. Muna da teburi mai gilashi da fitila a ƙasa, a ɗora nagatif, a shafa masa wani ruwa mai danƙo don fensir ya kama, sannan a fiƙe fensirin ya yi tsini kamar allura. Da shi ake cike ƙuraje da tamoji, ɗigo bayan ɗigo, kana riƙe numfashi. Wajen wanki kuma da hannu muke tare haske a inda muke so ya yi fari, mu saki a inda muke so ya yi duhu. Mai son launi, mu sa masa da burushi: jan baki, ruwan zinariya a 'yan kunne, kore a bango.

James Barnor, wanda ya buɗe situdiyonsa a Jamestown a farkon shekarun 1950, Ever Young ya sa masa suna, wato kullum matashi, kuma an san shi da iya gyaran nagatif. Philip Kwame Apagya na Shama kuwa bangon baya ake zana masa, firji cike da abinci, talabijin, jirgin sama, mutum ya tsaya a gaba kamar nasa ne. Ba wanda aka yaudara, kowa ya san fenti ne, mutum burinsa ya zo ya ɗauka.

Amma ga abin da ya sa na ce a rubuta mini. Rabi 'yata, na sha goge bille da hannuna. A shekarun nan samari da 'yan mata da yawa sukan ce, Malam, rage mini zanen nan. Wasu aikin ofis suke nema, wasu makaranta, ba sa so a kalle su a ce 'yan arewa ne. Ni kuma in rage, a biya ni. Akwai wani saurayi mai zane uku-uku a kumatu, na share masa tas. Bayan wata biyu mahaifinsa ya zo daga Salaga da hoton a aljihu, ya ajiye a gabana ya ce, wannan ɗan waye? Bai yi faɗa ba, bai nemi kuɗi ba. Ya ce da aka yi wa yaron zanen nan shi ne ya riƙe shi. Daga ranar, in mutum ya ce in goge, sai in ce zan wanke maka biyu, ɗaya yadda kake so, ɗaya yadda Allah ya nuna ka, na biyun kyauta.

Sadiƙ, aikinka ba ƙarya ba ne in ka tsaya a kan abin da ruwa ya ɓata. Datti ka cire. Bille kuwa ba datti ba ne.

Rabi Tela, Nima:
Baba, Allah ya ƙara girma. Na karanta sau uku. Mma takan ce kakarta ce ta sa aka yi mata billen, kuma duk inda ta shiga a Zangon Kumasi da shi tsofaffi ke gane gidan da ta fito.

Hajiya Asabe, Aboabo:
Baba ya taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Bikin 'yata da aka yi bana, da aka kawo albam na kasa gane amarya. Yarinya baƙa kyakkyawa, an mai da ta fara sol, hanci an ja shi, wuya da fuska launi daban-daban. Dangin ango da ke Jamus suka ga hoto, da suka zo suka ga mutum, sai kallon-kallo. Yarinyar ta ji kunya a kan fatar da Allah ya ba ta. Mai hoton da na yi masa magana cewa ya yi haka kowa ke so.

Sadiƙ Mai Zane, Mamobi:
Hajiya, ba kare shi nake ba, amma ki ji namu ɓangaren. Na taɓa kai hotunan suna na bar mai jego da launinta, haske kawai na daidaita. Aka dawo mini da su, wai ban yi aiki ba, sauran kuɗina ma sai da na yi ta bi. Na gaba da aka ba shi ya yi mata fari, shi ake kira yanzu a gidan. Mu ma haya muke biya.

Kuma akwai abin da mutane ba su sani ba. Sau da yawa tun wajen ɗauka ake lalata baƙar fata. A haska mata fitila kai tsaye, goshi ya yi ƙyalli, sauran fuska ta nutse, sai a zo kwamfuta a ja haske gaba ɗaya har ta koma toka-toka. In ka tsai da mutum a inuwa kusa da farin bango, hasken ya dawo masa a hankali, baƙar fata tana fitowa da kyawun da ba ya bukatar komai. Ku duba Prince Gyasi, ɗan Akra ne, da iPhone ya fara. Yana canza launin sama ya koma ruwan hoda, bango ya koma ja wur, amma mutanensa baƙaƙe suke fita, baƙin ma har ƙara shi yake. Shi ya ɗauki hotunan shahararriyar kalandar kamfanin taya na Pirelli ta 2024.

Hajiya Asabe, Aboabo:
To ka ga ashe ana iya cin abinci ba a yi wa mutane bilicin ba.

Mubarak, Madina:
Ni aikin jarida nake, namu layin a bayyane yake: a hoton labari ba a ƙara komai, ba a cire komai, ko da ledar ruwa ce a ƙasa. A gasar World Press Photo ta 2015 an fitar da kusan kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe saboda an yi musu gyaran da ya wuce ƙa'ida. Hoton Anti Rabi na tuna baya ne, ba na labari ba, tana da 'yanci. Roƙona ɗaya, a rubuta a bayan yadin shekarar da aka ɗauka, shekarar da ruwa ya ci, da shekarar da aka ɗinke, da sunan wadda ta ɗinke.

Musa Direba, Nima:
Ni ne yayan Rabi, an turo mini maganar nan. Na yarda na manhajar ba Mma ba ce, na ma sa yaron ya goge. Amma ni zuciyata ba ta kwanta da a riƙa soka allura a hoton mahaifiyata ba. Ta rasu, a bar ta ta huta. Hoton yadda ruwa ya bar shi ya ishe ni.

Rabi Tela, Nima:
Yaya, ba na asalin zan taɓa ba, wannan yana nan a firam ɗinsa, in kana so ma a ajiye shi a wurinka. Kwafi za a buga. Kuma na yi maka alkawari allura ba za ta hau fuskarta ba, ɗankwali da kafaɗa ne kawai. Ka tuna duk Sallah ni nake ɗinka mata kaya tun ina shekara sha shida. Bana Sallah ta zo ban ɗinka wa kowa nawa ba. Wannan nake so in yi mata.

Musa Direba, Nima:
Ban san haka abin yake a ranki ba. Ki yi, amma in fara gani kafin yara.

Malam Idi, Madina:
Allah ya yi muku albarka da kuka sasanta. Tunda an taɓo mamaci, in tuna mana cewa malamai sun yi saɓani a kan hoton kyamara, musamman rataye shi a bango, kowa ya tambayi malamin da yake bi. Abin da ba saɓani a kansa shi ne addu'a da sadaka su ke isa ga mamaci. In za ki zauna ɗinkin, Malama Rabi, ki haɗa da nema mata gafara.

Rabi Tela, Nima:
Insha Allahu Malam. Ba ma rataye shi zan yi ba, ninke shi zan yi a cikin akwatinta, a riƙa fito da shi in jikoki sun taru.

To yanzu masu sani, ta yaya hoton zai hau yadi?

Zainab, Asawase:
Hanya uku na gwada da hannuna.

Mafi arha ita ce ta fotokwafi. A buga hoton da injin leza ko na fotokwafi, mai garin tawada, don na ruwan tawada zai zube. A juya shi kamar a madubi kafin a buga, in ba haka ba billen zai koma kumatun hagu. A shafa farin gam irin na kafintoci a kan yadin, a kifa takardar, a murje iska ta fita, a bar shi ya kwana. Da safe a jiƙa yatsa a riƙa murza bayan takardar a hankali, tana fita kamar dusa, hoton ya zauna. Yana da kyau a kan katako, amma a yadi yana sa shi ya yi tauri, allura tana fasa shi. Ban ba ki shawarar wannan ba.

Wadda nake ƙauna ita ce bugun rana, sayanotaif, mai fitowa shuɗi kamar an tsoma a marina. Tsohuwar hanya ce, John Herschel ya gano ta a Ingila a 1842. Gishirin ƙarfe ne iri biyu, kore da ja, giram 25 na koren a ruwa mililita 100, giram 10 na jan a wani mililita 100, a haɗa daidai wa daida a ɗaki mara rana, a shafa wa farin yadin auduga ya bushe a duhu. Sai a buga nagatif a farar leda mai gani-har-hanji, a ɗora a kai, a danne da gilashi, a fitar rana. Ranar Kumasi minti goma zuwa sha biyar ta ishe ni. A ɗauraye da ruwa zalla, shuɗin yana ƙara nuna yayin da yake bushewa. Launin cikin zaren yadin yake shiga, don haka yadin yana nan da laushinsa, allura tana wucewa kamar ba a yi komai ba. Matsalarsa biyu: samun maganin, sannan sabulun wanki mai ƙarfi yana koɗar da shi.

Ta ukun ita ce ki je wurin masu buga riguna da kyallayen talla, ku a New Town, mu a Asafo. Ki ce a buga miki a kan kyallen auduga kai tsaye. Kada ki yarda da takardar da ake mannawa da zafi, roba ce take zama a sama, duk hujin allura zai bayyana kuma ba ya rufewa.

Sadiƙ Mai Zane, Mamobi:
Anti, ki kawo firam ɗin shagona gobe bayan azahar, zan ɗauka in fito miki da billen, ba sai kin biya ba. Wurin da ruwa ya ci zan bar miki shi yadda yake. Zainab, har yanzu ban gama yarda da ke ba, amma ina so in ga yadda zai fito.

Rabi Tela, Nima:
'Yan'uwa, na dawo bayan mako uku. Sadiƙ ya yi aiki, billen ya fito, har wani ɗan ƙaramin tabo a haɓarta da na manta da shi. An buga mini a New Town a kan farin kyalle, faɗin kamu biyu.

Maganar launin ɗankwalin da Sadiƙ ya tayar ta hana ni barci, sai na kira Goggo, ƙanwar Mma da ke Zangon Kumasi. Ina fara kwatanta hoton ta ce kore ne mai ɗigon rawaya, tare aka saya musu, ita ta ara ta je biki ta ƙona gefensa da dutsen guga, Mma ta yi kwana uku ba ta yi mata magana ba. Muka yi dariya, muka yi kuka. Sai na ɗauko wani tsohon koren zanen Mma na zare zaren gefensa, da shi nake cike ɗankwalin. Rabin da ke hoto yana nan baƙi da fari, rabin nawa kore. Yaya Musa ya gani jiya, ya daɗe yana riƙe da shi bai ce komai ba, da zai tafi ya ce in bar masa kafaɗar kada in cike duka, a ga inda ruwan ya tsaya.

Matsala ɗaya, kyallen yana tattarewa a inda zaren ya yi yawa.

Zainab, Asawase:
Masha Allah, Yaya Rabi. Ki sa wani yadin auduga a baya ki ɗinka su tare, ki ɗaure a zoben surfani, kuma ki rage jan zare. Tsohon zare yana da rauni, ki riƙa yanka shi gajere, kamar kamu ɗaya, don kada ya tsinke a tsakiya. In kin tashi daga aiki ki kwance zoben, kada ya kwana a kan fuskar ya bar shaida.

Baba Mai Hoto, Sabon Zango:
'Yata, in kin samu hali ranar Asabar ki kawo mini duka biyun, na yadin da na firam ɗin. Ina so in duba bayan na asalin, wani lokaci akwai hatimin situdiyo a ƙasan kwalin, wataƙila na san mai shi. Ki naɗe firam ɗin a tawul, ki riƙe shi a kwance a cinyarki a cikin motar haya, trotro, kada ki ba yaron mota ya sa a but.